Na sayi hannun jarin masu neman zinari, yaushe za a fara raba riba?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, saura shekara uku in yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce wani abokin ƙanena ya kawo mini labarin wani ƙaramin kamfani mai binciken zinari da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Kanada. Ya nuna mini sanarwarsu cewa sun huda ƙasa sun tarar da zinari, ya ce da zarar an fara haƙa, duk shekara za a riƙa turo mana rabon riba. Na ɗebi dala 10,000 daga abin da na daɗe ina tarawa, na sayi hannun jari 50,000 a kan senti 20 kowanne. Niyyata ribar ta riƙa ɗauke mini kuɗin makarantar 'yata, wadda za ta shiga jami'a baɗi in Allah ya yarda.

Har yau ko sisi ban gani ba. Farashin ya sauko senti 11. Yanzu kuma sun ce za su fitar da sababbin hannayen jari, shi abokin ƙanen nawa yana ta matsa mini in ƙara tunda ya yi araha, wai kasona zai fi tsoka ranar rabo. Ga rahotonsu na wata uku na ƙarshe na haɗo maka. Maiɗakina ba ta san yawan abin da na zuba ba. Yaushe irin waɗannan kamfanoni ke fara raba riba? In ƙara, in jira, ko in sayar?

Malam A.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama aiki lafiya, ya ba yarinya sa'ar karatu.

Bari in fara da amsar da ka fi buƙata, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Wannan kamfani ba zai raba riba bana ba, ba zai raba baɗi ba, kuma ban ga alamar zai raba kafin 'yarka ta gama jami'a ba. Ban ce masu shi macuta ne ba, don ban san su ba. Matsalar ita ce babu ribar da za a raba. Rabon riba ragowa ce: kamfani ya sayar da kayansa, ya biya ma'aikata, ya biya bashi da haraji, ya ware na gobe, abin da ya saura sai daraktoci su yanke shawarar a ba masu hannun jari. Shi kuwa kamfanin bincike ba ya sayar da komai. Aikinsa shi ne ya karɓi kuɗi daga hannun mutane irinka ya zuba a ƙasa yana neman amsar tambaya ɗaya: akwai abin haƙa a nan ko babu? Kuɗi daga gare ka suke tafiya zuwa gare shi, haka aka gina shi tun ranar farko.

Na zauna da rahoton da ka turo, kuma ina so ka buɗe shi a gabanka yayin da kake karanta wannan. Tsallake shafukan farko masu hotunan injin huda ƙasa da mutane sanye da hular kwano. Je wajen da aka jera shige da ficen kuɗi. A layin kuɗin shiga abu ɗaya ne kawai, ɗan abin da banki ya ba su a kan ajiyarsu, wanda bai kai albashin mutum ɗaya a cikin manyansu ba. A wata ukun sun kashe dala miliyan 1: dubu 600 a wajen aikin bincike, dubu 400 a ofis da albashi da tallata kamfanin ga masu zuba jari. Abin da ya rage musu a asusu dala miliyan 3 ne. Miliyan 1 duk wata uku, ka ga miliyan 3 numfashin wata tara ne kawai. Wannan shi ya sa suke fitar da sababbin hannayen jari yanzu, tun ruwa bai ƙare wa ɗan kada ba. Can ƙasa kuma akwai layin asarar da ta taru tun kafa kamfanin, dala miliyan 38. A dokar kamfanoni ta Birtaniya, alal misali, sai an cike irin wannan rami da riba kafin a halatta rabo. A Kanada ma doka ba ta yarda kamfani ya raba kuɗi idan yin haka zai sa ya kasa biyan bashin da ke kansa ba. Amma ka bar maganar doka ma. Ko da an ba su dama, daga ina za su ɗebo?

Mu yi ɗan lissafi da alƙalumanka. Mu ce so kake dala 1,000 ta riƙa shigo maka duk shekara, wato kashi 10 cikin 100 na abin da ka zuba. Da hannun jari 50,000, sai an raba senti 2 a kan kowane hannu kafin ka sami hakan. Kamfanin yana da hannayen jari miliyan 200 yau, za su koma miliyan 250 bayan wannan sayarwar. Senti 2 sau miliyan 250 dala miliyan 5 ke nan a shekara. Duba sanarwar da suka fitar: dala miliyan 5 ɗin nan cif ita ce suke roƙon mutane su kawo musu don kada aiki ya tsaya.

Maganar sababbin hannayen jarin nan ita ce wadda abokin ƙanenka ya juya maka ita baibai, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Yau kana da kashi ɗaya cikin 4,000 na kamfanin. Za su sayar da hannu miliyan 50 a kan senti 10. Ranar da aka kammala, ba wanda ya taɓa asusunka, hannun jarinka 50,000 suna nan yadda suke, amma ka koma mai kashi ɗaya cikin 5,000. Ba a nan ta tsaya ba. A ƙasan sanarwar, da ƙananan haruffa, an ce duk wanda ya sayi sabon hannu ɗaya za a haɗa masa da takardar da ke ba shi ikon sayen wani hannun a kan senti 15 cikin shekara biyu. Idan farashi ya tashi, duk za su yi amfani da wannan dama, hannaye su kai miliyan 300, kai kuma ka koma ɗaya cikin 6,000. Kuma waɗannan takardu sukan zame wa farashi murfi, domin da ya ɗaga sama da senti 15 sai masu su su karɓi hannun a araha su sako shi kasuwa. Can gaba kuɗin su sake ƙarewa, a sake fitar da wasu. Haka ƙananan kamfanonin bincike ke rayuwa a kasuwar TSX Venture ta Kanada da ASX ta Ostireliya da AIM ta Landan. Ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake. Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne, ko da an dace da zinarin a ƙarshe, kason wanda ya shiga da wuri bai ƙara kuɗi ba ya riga ya tsuke.

Ni ma na taɓa ɗanɗanawa, don kada ka ɗauka daga kan tudu nake maka magana. Ina da hannu 30,000 a wani kamfanin neman jan ƙarfe. Wata safiya na buɗe asusuna na ga farashin ya ninka sau goma. Sai da na miƙe tsaye. Da na duba da kyau sai na ga hannayena sun koma 3,000. Ashe sun dunƙule kowane hannu goma ne ya zama ɗaya don farashin ya yi kyan gani, kuma ba a yi wata biyu ba suka fitar da sababbi. Tun ranar na koyi fara duba adadin hannayen jari na shekara biyar baya kafin in kalli farashi.

Yanzu maganar "sun tarar da zinari". Gaskiya ne mai yiwuwa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yadda abin yake shi ne, injin yana huda ƙasa ya zaro dutse dogo mulmulalle kamar kaurin wuyan hannu, a jera shi cikin akwatuna a rubuta zurfin kowane yanki. Sai a tsaga shi biyu da zarto, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi a ajiye don duk mai shakka ya sake gwadawa. Sakamakon yana zuwa da giram nawa na zinari ke cikin tan ɗaya na dutse. Akwai mahaƙai da yawa a duniya da ke aiki da abin da bai wuce giram ɗaya a tan ba. Ka ƙiyasta: a fasa dutse tan goma, cikin tipa guda, a niƙa, a wanke da sinadari, a fito da giram goma, shi ma ba duka ake iya tsamowa ba. Rami ɗaya mai kyau labari ne na faɗin wuyan hannu a cikin fili mai kilomita da yawa. Sai an yi ramuka ɗaruruwa kusa da juna kafin ƙwararru su yarda su rubuta ƙiyasin abin da ke ƙasa, kuma ƙiyasin ma hawa-hawa ne: akwai na hasashe, akwai wanda alamunsa suka yi ƙarfi, akwai wanda aka auna sosai. Duk waɗannan ba su kai matsayin ajiyar da aka tabbatar za a iya haƙowa a ci riba ba, wadda ba a ambatarta sai bayan nazarin kuɗin gini da na aiki. Na duba rahoton kamfaninka daga farko har ƙarshe, ko ƙiyasin hasashen ba su kai ga fitarwa ba tukuna.

Mu ɗauka an dace, zinarin yana da yawa. Saura nazarin yiwuwar aiki, saura izinin muhalli, saura yarjejeniya da mutanen da ke zaune a wurin, saura hanya da wuta da ruwa, saura masana'antar niƙa dutse. Gina mahaƙa ta zamani yana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli, wata ma biliyoyi. Kamfanin da ke faɗi tashi kan miliyan 5 zai nemo su ne ta bashi, ko ta ƙarin hannayen jari, ko ta sayar da wani kaso na zinarin gobe tun yau a farashi mai rahusa. Idan mahaƙar ta fara aiki, masu bashi ne a gaban layi, kuma sukan sa sharaɗin kada a raba wa masu hannun jari komai sai an biya su wani kaso. Daga ranar ganowa zuwa ranar da aka narka sandar zinari ta farko, shekara goma ba a cewa an daɗe, da yawa sukan wuce haka nesa. Mafi yawan wuraren da ake bincike kuma ba sa taɓa zama mahaƙa ko kaɗan.

To ta ina masu dacewa ke samun kuɗi? Ta sayarwa. A 1993 wasu masu bincike biyu da ke yi wa kamfanin Diamond Fields aikin neman lu'ulu'u a Labrador, gabashin Kanada, suka ci karo da nikel a wurin da ake kira Voisey's Bay. A 1996 katafaren kamfanin Inco ya saye Diamond Fields a kan kusan dala biliyan 4.3 na Kanada. Mahaƙar ba ta fara fitar da kaya ba sai 2005. Masu hannun jarin da suka yi arziki sun yi shi ne ranar ciniki, shekara tara kafin a loda jirgin farko. Na kusa-kusa kuma akwai Great Bear Resources, da ya gano zinari a yankin Red Lake na jihar Ontario. Babban kamfanin haƙar zinari Kinross ya saye shi a farkon 2022 a kan kusan dala biliyan 1.8 na Kanada, alhali bai gina mahaƙa ba. Abin da ya fi kama da rabo da masu hannun jarinsa suka gani kafin nan shi ne, a 2020 an ware wani ƙaramin kamfani mai haƙƙin karɓar kaso daga zinarin wurin, aka raba musu hannayen jarinsa, daga baya Royal Gold ya saye shi. Irin wannan yakan faru, haka ma wani lokaci kamfani kan sayar da fili ya mayar wa mutane wani abu daga kuɗin sau ɗaya. Amma ba abu ne da ake sa wa rana ba, balle a ɗora masa kuɗin makaranta.

Waɗannan biyun ake ba da labarinsu saboda ba a cika samun irinsu ba. Ga ɗaya gefen. Sirius Minerals na Ingila ba ƙarya ya yi ba, ma'adinin takin da ya gano a Arewacin Yorkshire yana nan a ƙasa, ya sami izini, har ya fara gini. Dubban ƙananan masu zuba jari suka shiga, wasu da kuɗin fanshonsu. A 2019 ya nemi rancen dala miliyan 500 a kasuwa bai samu ba. A 2020 Anglo American ya saye shi a kan peni 5.5 kowane hannu, bayan a baya hannun ya taɓa wuce peni 30. Ma'adini na gaskiya, aiki na gaskiya, amma kuɗin gini suka gagara, kuma ba wanda ya ga rabon riba. Na kawo maka wannan ne musamman don mutanen da abin ya fi ƙona su irinka ne, masu gab da ajiye aiki da suka ɗauka sun sayi abin dogaro.

Akwai kuma na zamba tsagwaronta, wanda duk mai wannan harka ya san sunansa: Bre-X. Kamfanin Kanada ne da ya ce ya gano zinari mai ɗimbin yawa a Busang, cikin dajin Borneo na Indonesiya. Darajarsa a kasuwa ta haura dala biliyan 6 na Kanada. A 1997 kamfanin haƙa na Freeport-McMoRan ya je ya huda nasa ramukan kusa da nasu bai sami abin kirki ba, bincike ya nuna barbaɗa garin zinari ake yi a cikin samfurin kafin a kai gwaji. Ka tuna rabin dutsen da na ce ana ajiyewa? Su niƙe shi suke yi gaba ɗaya, ba abin da wani zai sake gwadawa. Bayan wannan abin kunya ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101, wadda ta fara aiki a 2001, ta wajabta cewa duk bayanin ma'adini da kamfani zai fitar sai ƙwararre mai rajista ya sa sunansa a kai. Ostireliya tana da tata, JORC. Ƙa'idojin sun rage ƙarya ƙwarai. Ba su hana romon baka ba, kuma ba su sa zinari inda babu shi.

Wani zai ce to ai akwai kamfanonin ma'adinai masu raba riba. Akwai. BHP da Rio Tinto da Newmont da Barrick suna rabawa, haka Franco-Nevada da ba ya haƙa da kansa sai karɓar kaso daga mahaƙan wasu. Waɗannan suna da mahaƙai masu aiki da kayan da suke sayarwa kullum. Su ɗin ma rabonsu yana bin farashin ma'adini. Lokacin da kasuwa ta faɗi, Glencore ya dakatar da rabo a Satumban 2015, Anglo American ya bi shi a Disamba, BHP kuma a Fabrairun 2016 ya zaftare nasa da kusan kashi uku cikin huɗu, ya yi watsi da alkawarin da ya daɗe yana riƙe da shi na cewa rabo ba zai taɓa raguwa ba. In giwaye sun durƙusa haka, sai ka auna wanda bai taɓa sayar da oza ɗaya ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kada ka ƙara. Hujjar da aka ba ka ta ƙarawa ita ce kasonka zai yi yawa ranar rabo, kuma mun ga babu ranar. Senti 11 ba araha ba ne don kawai ka taɓa biyan 20. Araha ana auna ta ne da abin da ke ƙasa da kuɗin da ke asusu, ba da farashin da ka saya ba. Kuma lura, manyan da za su sayi sababbin hannayen za su biya senti 10 har da gyaran takardar nan, kai kuwa in ka saya a kasuwa 11 za ka biya ba gyara.

Sayarwa ko jira kuwa, ya danganta da abin da kuɗin nan suke a wurinka, kuma ka riga ka faɗa mini: kuɗin makaranta ne. Abin da ke hannunka yau dala 5,500 ne. Kafin ka dawo inda ka fara sai farashin ya kusa ninkawa. Zai iya, rami ɗaya mai kyau yakan yi hakan cikin mako guda. Zai kuma iya komawa senti 5 in ramukan da za su huda da sabon kuɗin suka fito wayam, kuma ba ni ba, ba abokin ƙanenka ba, ba shugaban kamfanin ba, babu wanda ya san wanne ne zai faru. Kuɗin da aka sa wa rana ba a ajiye su a irin wannan wuri. Da ni ne kai, zan lissafa abin da shekarar farko ta jami'a za ta ci, in cire shi daga nan tun yanzu in kai shi inda ba ya hawa da sauka. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Idan wani abu ya saura kuma zuciyarka tana son ganin ƙarshen wasan, bar shi, amma ka ƙudurta a ranka cewa wannan ragowar in ta tafi ba za ta hana ka barci ba. In ka san za ta hana, fitar da ita ita ma. Na san abin da ke riƙe ka: muddin ba ka sayar ba, kana ganin kamar asarar ba ta tabbata ba. Ta tabbata, Malam, dala 4,500 ɗin ba sa nan yau ko ka sayar ko ba ka sayar ba. Tambayar da ta rage ita ce, da a ce yau aka miƙo maka dala 5,500 a hannu, za ka kai su wannan kamfani? In amsar a'a ce, ka san abin yi.

In za ka sayar, kada ka ce wa dillali ya sayar a duk yadda kasuwa ta kama. Hannayen ƙananan kamfanoni wata rana masu saye ba su da yawa, kaya kaɗan sai ya ja farashin ƙasa. Faɗa masa farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, kuma ba laifi ka raba sayarwar kashi biyu ko uku. Ka tambayi ladan dillali da na canjin kuɗi tun kafin ka ba da umarni.

In kuma ka bar wani kaso, to ka daina jiran saƙon rabo, ka koma bibiyar abin da ke motsa irin wannan hannun jari. Duk wata uku ka sake lissafin nan na wata nawa kuɗinsu zai kai su. Kamfanonin Kanada suna ajiye rahotanninsu a rumbun SEDAR+, kowa na iya dubawa kyauta. Ka kalli rabon kuɗin tsakanin rami da ofis. Dubu 400 cikin miliyan ɗaya da ke tafiya wajen albashi da talla ya yi mini yawa, ni dai na fi son in ga kaso mafi tsoka ƙwarai yana shiga ƙasa. Ka duba ko daraktocin da kuɗin aljihunsu suka sayi hannun jari, ko kyauta ake ba su. Ka duba ko akwai wani babban kamfanin haƙa da ya sa kuɗinsa a ciki, don su suna da masana duwatsu da ke zuwa su ɗaga rabin dutsen nan su gani da idonsu. Kuma ka karanta bayanin masu binciken asusu a rahoton shekara. In ka ga sun rubuta cewa akwai shakkar kamfanin zai iya ci gaba da aiki ba tare da sabon kuɗi ba, kada ka firgita, kusan duk irinsu haka ake rubuta musu, amma ka san cewa da gaske suke.

Shi abokin ƙanen naka, ba na so in shiga tsakaninku. Mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa ya yarda. Amma ka yi masa tambaya biyu cikin raha: hannu nawa yake da shi yanzu, kuma akwai abin da ake ba shi in ya kawo mai saye? Sannan ka ce ya nuna maka a takardar kamfanin inda aka yi maganar rabon riba. Na riga ka dubawa. Yana nan a sashen gargaɗi, layi biyu: ba su taɓa raba riba ba, kuma ba sa sa ran rabawa nan kusa.

Saura maganar maiɗakinka, wadda ka saka a jimla ɗaya ka wuce, amma ina jin ita ta fi damunka. Gaya mata kafin lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo ta gano da kanta. Kada ka je mata da labarin giram da tan. Faɗa mata adadi uku: abin da ka zuba, abin da ya rage, da abin da ka yanke za ka cire don yarinya. Zai fi sauƙi in ka riga ka cire ɗin kafin ku zauna, don ta ga kuɗin shekarar farko suna nan a ajiye. Za ta yi faɗa, ka yi haƙuri ka saurara, da gaskiyarta. In ka bar wani kaso a kamfanin, ku yanke yawansa tare. Idan rahoton wata uku na gaba ya fito, turo mini shafin shige da ficen kuɗin da sakamakon sababbin ramukan, mu sake dubawa.